Daga Gafaka Zuwa Memori: Tarihin Adana Hoto da Goge Shi a Zangon Kwatano

Gabatarwa

A ranar idi ko ranar ɗaurin aure, a harabar babban masallacin Zango da ke birnin Kwatano, sau da yawa akan ga mutum ya ɗaga wayarsa zai ɗauki hoto, sai wayar ta sanar da shi cewa wuri ya cika. Nan take sai ya sunkuyar da kai ya shiga share abin da ke ciki, domin kada ango ya wuce bai ɗauke shi ba. Wani lokaci bidiyon barkwanci ne ke tafiya, wani lokaci kuwa hoton wata tsohuwa ce da ta rasu bara, wanda babu irinsa a hannun kowa. Wannan ɗan aiki na yatsa, da ba ya cin minti guda, yana da tarihi mai tsawo a bayansa. Tarihi ne na yadda al'ummar da ta zauna nesa da ƙasar kakanninta ta riƙa zaɓen abin da za ta adana da abin da za ta bari ya tafi. Hausawa kan ce waiwaye adon tafiya, don haka sai a fara daga mafari.

Zango da Mutanensa

Kalmar zango a asalinta tana nufin wurin da ayarin fatake ke yada kaya su kwana, ko kuma tazarar da ake ci tsakanin masauki da masauki. A ƙarni na 18 da na 19, ayarin Hausawa daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Parakou da Djougou, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Kanwa da tufafi da kayan fata suke kaiwa, su dawo da goro. Garuruwan nan uku duk suna cikin arewacin Jamhuriyar Benin ta yau. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da malamai suka watsu, kuma ciniki ya fara karkata zuwa bakin teku, inda jiragen Turawa ke tsayawa.

A lokacin Kwatano ƙaramin gari ne a ƙarƙashin sarakunan Abomey. Faransawa sun samu gindin zama a cikinsa ta yarjejeniyar 1868 da ta 1878, sannan suka ci masarautar Dahomey da yaƙi tsakanin 1892 da 1894, zamanin Sarki Béhanzin. A cikin rundunar da ta yi wannan yaƙi akwai wata ƙungiyar sojoji da Faransawa ke kira sojojin Hausa. Daga baya aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano, ta kai Parakou a 1936. Daga can manyan motoci ke ɗauka zuwa Malanville, a ƙetare kogi a shiga Gaya. Ta wannan hanya gyaɗar Maraɗi ta riƙa isa teku tun daga shekarun 1950, kuma da aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a 1965, Kwatano ta zama babbar ƙofar da Nijar ke bi ta sadu da duniya.

Haka unguwar Zango ta cika da Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa Musulmi: mahauta, masu albasa, 'yan canji, direbobi, dillalan motoci da malamai. Abin da ya haɗa su shi ne kowa yana da wani gida a wani wuri. Mutum na zaune a Kwatano, mahaifiyarsa na Dogondutsi ko Birnin Ƙonni, ƙanensa na Legas, 'yarsa na aure a Lome. Ga irin wannan al'umma, duk abin da zai ɗauki kamannin mutum ya kai wa danginsa ya wuce abin ado.

Adana Kafin Zuwan Hoto

Kafin hoto, ƙwaƙwalwa da takarda ne ma'adanar matafiyi. Asalin mutum da sunayen kakanninsa suna bakin tsofaffi da maroƙa. Abin da ya shafi bashi da amana da wasiƙa kuwa yana hannun malamin ayari, wanda ke rubutawa da Larabci ko da ajami. Shahararren misali shi ne Alhaji Umaru Salaga, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya taso cikin fatauci, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Ya bar rubuce-rubuce masu yawa a kan tarihi da zamantakewar Hausawa, har da littafin koyar da rubuta wasiƙa.

Takarda a wancan zamani tana da tsada, domin daga Turai ake kawo ta ta hamada ko ta teku. Malami yakan tara warwaren takardunsa su zama kundi, ya sa a gafaka ya rataya. Gafaka ba ta da faɗi, jaki kuma yana da iyakar abin da zai ɗauka, saboda haka dole a zaɓa. Takardar da ta tsufa, idan akwai sunan Allah a jikinta, ba a jefa ta a juji; ana binne ta ko a ƙona ta a wuri mai tsarki.

Allo ma ya koyar da nasa darasin. Wuri ne ƙarami da ake rubutawa a goge, a sake rubutawa. Sai dai almajiri ba ya wanke allonsa don kawai ya gaji da abin da ke kai. Sai ya biya wa malam, malam ya tabbatar karatun ya zauna a ka, sannan a ba shi izinin wankewa. Wato ba a gogewa sai an tabbatar akwai abin a wani wuri. Yana da kyau ɗalibin harshe ya lura cewa wannan aikatau ɗin ne dai Hausa ta ara wa sabuwar sana'a da ta zo daga baya: idan an wanke allo rubutu ya tafi, idan an wanke hoto kuwa kamanni ya fito.

Zamanin Shagon Hoto

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris a 1839, ba da daɗewa ba kuma ta iso gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Augustus Washington, baƙar fatar Amurka, ya kai ta Laberiya a 1853. Iyalin Lutterodt sun yi suna da ita a Ankara tun shekarun 1870, Alex Agbaglo Acolatse kuma ya shahara a Lome. A Dahomey akwai Joseph Moïse Agbodjelou, wanda aka haifa a 1912, ya koyi sana'ar a rundunar sojan Faransa, ya buɗe shagonsa a Porto-Novo. Daga Kwatano kuma Philippe Koudjina ya fito. An haife shi a 1940, ya tafi Yamai, inda ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu ɗaukar hoton rayuwar birnin a shekarun 1960 da 1970. Ke nan hanyar da ta kawo albasa kudu ita ce ta kai kyamara arewa.

Kalmar hoto kanta aro ce daga Turanci, harafin farko ya koma h kamar yadda f da h ke musanya a karin harshen Hausa da dama. Malamai sun yi saɓani a kan halaccinsa, wasu na ganinsa cikin surar da aka hana, wasu na ɗaukarsa kamar abin da madubi ke nunawa. Buƙata ce ta rinjaya. Katin shaida na hukuma, lasin tuƙi da fasfon aikin hajji duk ba sa yiwuwa sai da hoto, har dattijon da ba ya so ma ya zauna gaban kyamara.

A wannan zamani hoto abu ne da ake shirya wa. Ana ɗinka sabon kaya, a yi wanka, a tafi shago, a tsaya gaban labule mai zane. Wani ya riƙe rediyo, wani ya jingina da babur, alhaji ya sa kayan da ya dawo da su daga Makka. Fim ɗaya yana ɗaukar hoto 12 ko 24 ko 36, kuma kowanne kuɗi ne, don haka tun kafin a danna an riga an yi zaɓe. Idan an wanke, akan buga kwafi biyu ko uku: ɗaya a bango, ɗaya a ƙasan akwati ko cikin kwallar uwar gida, ɗaya a ba direban da zai tafi arewa ya kai wa dangi. A bayan hoton akwai hatimin shago, wani lokaci har da kwanan wata da suna. Nagatif ɗin kuma yana zama a wurin mai hoto, wanda ta haka ya zama ma'ajin fuskokin unguwa ba tare da kowa ya naɗa shi ba.

Launi, Danshi da Ruwa

A shekarun 1980 injunan wanke hoto mai launi suka bazu a biranen Afirka ta Yamma, da yawansu a hannun 'yan kasuwar Koriya ta Kudu. Hoto ya yi arha, samari masu yawo da kyamara suka cika wuraren biki da suna, tsofaffin shagunan baƙi da fari suka fara rufewa. Da shago ya rufe, akwatunan nagatif sukan koma ɗakin shirgi, magada kuma ba su san darajarsu ba. Karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ƙara tsananta wa masu sana'ar, tunda fim da takarda da sinadarai duk daga waje ake shigo da su.

Yanayin Kwatano ma bai taimaka ba. Gari ne da ke kan yashi tsakanin teku da tafkin Nokoué, mai damina biyu a shekara da iska mai danshi da gishiri. A irin wannan wuri hoto yakan manne da ledar albam, fumfuna ta cinye fuska, launi ya koɗe ya koma ja. Hoton baƙi da fari da aka wanke da kyau ya fi mai launi jure shekaru, shi ya sa a gidaje da dama hoton kaka ya fi na uba fitowa. Ga kuma ruwa. Ambaliyar 2010, wadda ta shafi yawancin gundumomin ƙasar, ta shiga unguwannin Kwatano masu kwari, ta jiƙa abin da ke ƙasan gado. A wancan zamani ba mutum ke goge hoto ba. Danshi da gara da gobara da ƙaura ne ke yi masa aikin.

A Mali an yi dace. Seydou Keïta da Malick Sidibé sun adana dubban nagatif ɗinsu a Bamako, har duniya ta waiwayo su a shekarun 1990, Sidibé kuma ya samu babbar lambar yabo a Venis a 2007. Abin da ya bambanta su da ɗimbin takwarorinsu bai tsaya ga gwaninta kaɗai ba: akwatunansu sun tsira.

Hoto Ya Shiga Waya

A 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko, wadda ba ta buƙatar fim. Takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. A shekarun 1980 Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya ƙirƙiro irin ma'adanar da ke riƙe bayanai ko babu wuta, wadda ita ce ke cikin kowace waya da kowane memori a yau. Wayoyi masu kyamara sun fito a Japan a 1999 da 2000, ƙaramin katin memori na microSD ya bayyana a 2005, iPhone a 2007, Android a 2008, WhatsApp a 2009. A 2012 Kodak, wanda ya mallaki kasuwar fim shekaru aru-aru, ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi.

Benin ta haɗu da intanet a ƙarshen 1995, lokacin da Kwatano ta karɓi baƙuncin taron ƙasashe masu amfani da Faransanci. Wayar salula ta zamani ta fara yaɗuwa wajen shekara ta 2000. Amma abin da ya sa kyamara a aljihun mahauci da ɗan zemijan shi ne zuwan wayoyi masu arha irin su Tecno da Itel da Infinix na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, waɗanda aka gyara kyamararsu don ta fito da baƙar fata sosai.

Daga nan lissafi ya juya. Danna hoto ya zama kyauta, tsadar ta koma wurin ajiya. Hoto ɗaya yakan ci mega biyu zuwa biyar, giga ɗaya kuwa, wato kimanin mega dubu, yana ɗaukar hoto wajen ɗari uku. Minti ɗaya na bidiyo mai kyau yana iya cin wurin hoto ashirin ko talatin. Waya mai giga 16 ko 32 kuma ba duka take bai wa mai ita ba, domin manhajojin da ke tafiyar da ita sun riga sun kama kaso mai yawa. Sannan yawancin abin da ke cika ta ba mai ita ne ya ɗauka ba. Zaurukan WhatsApp na dangi, na masallaci, na 'yan gari ɗaya da na abokan ciniki suna zubo gaisuwar Juma'a, wa'azi, hoton kaya da muryoyi, wayar kuma tana sauke su da kanta in ba an hana ta ba. Da, zaɓe yana zuwa kafin ɗauka. Yanzu ya koma bayanta, kuma galibi cikin gaggawa ake yinsa.

Ma'adanar Nesa da Kuɗin Hanya

Manyan kamfanoni sun kawo mafita: a tura hoto ya zauna a kwamfutocinsu ta intanet. A watan Mayun 2015 Google ya buɗe Google Photos da alkawarin ajiya kyauta ba iyaka. Ranar 1 ga Yuni, 2021 aka janye wannan alkawari, aka koma ga giga 15 da ake rabawa tsakanin hoto da wasiƙun imel da sauran takardu. Apple kuwa giga 5 yake bayarwa kyauta. Daga farkon 2024, ajiyar WhatsApp ta masu Android ma ta fara shiga cikin lissafin giga 15 ɗin nan. Haka kuma Google ya sanar cewa daga Disambar 2023 yana iya rufe asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba, tare da abin da ke ciki. Wanda ya rasu bai bar wa kowa kalmar sirrinsa ba, hotunansa na iya bin bayansa.

Ko kyautar ma sai an biya kuɗin hanya. A 2018 gwamnatin Benin ta sa haraji a kan amfani da shafukan sada zumunta, wanda ya ɗaga farashin mega. Matasa suka yi ca a kai, kuma a watan Satumba na wannan shekara aka soke shi. Rigimar ta nuna yadda waya ta zama igiyar zumunci. An ƙara ganin haka da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma lokacin da aka rufe gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. An ce zumunta a ƙafa take, amma da ƙafa ta kasa ƙetare kogi, sai hoton jariri da bidiyon jana'iza suka ƙetare a madadinta.

Abin da Ke Salwanta

Hanyoyin asara a wannan zamani sanannu ne. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ko a kai ta gyara a mayar da ita kamar sabuwa. Akwai jabun memori da ke nuna girman da ba shi da shi, wanda idan ya cika sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho ba tare da mai shi ya sani ba. Hoton da aka goge yakan zauna a kwandon shara na ɗan lokaci, kwana 30 a iPhone da wayoyin Android da dama. Bayan haka, dawo da shi daga wayar zamani abu ne mai matuƙar wuya.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Hoton da aka ɗauka da waya yana ɗauke da kwanan wata da sa'a a ɓoye a cikinsa, wani lokaci har da wurin da aka ɗauka. Idan aka tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, ana matse shi ya ƙanƙance, a cire waɗannan bayanai. Wanda ya goge na asali yana cewa ai akwai shi a zauren dangi, ya bar wa jikoki hoto marar kwanan wata, marar suna, marar hatimin shago a baya. Takardun hukuma da ke ma'adanar tarihi ta ƙasa a Porto-Novo sun fi kula da haraji da ƙidaya da shari'a. Yadda amarya ke ado a Zango, yadda ake naɗin sarauta, yadda layin mahauta yake kafin a rushe a sake gini, waɗannan a hannun iyalai suke.

A watan Nuwamban 2021 Faransa ta mayar wa Benin kayan tarihi 26 da sojojinta suka kwashe daga fadar Abomey a 1892. Da aka baje kolinsu a fadar shugaban ƙasa a Kwatano a 2022, jama'a suka yi dogon layi, kowa da wayarsa a hannu. Kayan sun dawo bayan shekara 129 domin, duk da hanyar da aka bi aka ɗauke su, suna nan a ajiye. Abin da aka shafe ba ya samun irin wannan rana.

Kammalawa

Gogewa ba laifi ba ce. Gafaka ta cika an rage, allo ya cika an wanke, waya ma dole a sauƙaƙa mata. Gaisuwar Juma'a da aka turo sau goma, hoton da ya fito dishi-dishi da bidiyon da kowa ke da shi, tafiyarsu ba ta rage wa kowa komai. Tarihin Zango dai ya nuna cewa abin da ya tsira shi ne wanda aka yi wa kwafi aka raba: hoton da ruwa ya ci a Kwatano, sau da yawa ɗan'uwansa na nan a akwati a Gaya ko Maraɗi. Iyalin da suka ware hotuna kaɗan masu muhimmanci, suka kwafe su a memori na gaske ko kwamfuta, suka ba wani ɗan'uwa na asali, suka buga wasu a takarda suka rubuta suna da shekara a baya, sun bi ƙa'idar makarantar allo ne a sabon zamani: a biya wa malam tukuna, sannan a wanke.